Sarkin da Likita Bai Jefa Ba

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofishin wani lauya, kuma ko da ta ajiye aiki sunan bai rabu da ita ba. Sakatariya ake ce mata a layinsu, haka mijinta ke kiranta in ya so tsokana, har jikoki da suka fara iya magana ba su ce Kaka ba, Sakatariya suka ce. Abin taƙamarta a duniya guda ɗaya ne, wato ba ta kuskure. A zamanin tafireta, lokacin da harafi ɗaya kan sa a sake buga shafi guda, an ba ta 'yar kwalbar farin ruwan gyara ranar da ta kama aiki. Kwalbar nan a aljihun tebur ta bushe ba a buɗe ta ba. Duk wanda ya sha shayi a gidanta sau biyu ya ji wannan labari sau biyu.

Mijinta, Malam, tsohon malamin lissafi ne, kuma shi ya jawo mata wasan birij. Wasan karta ne na mutum huɗu, biyu-biyu, abokin wasanka yana zaune a gabanka. Kowa da katinsa goma sha uku, kowa nasa kaɗai yake gani, kuma ba a magana, ba a ƙifta ido, ba a gyaran murya. Nan ne fa Malam ya kasa. Wasan ya sani kamar yunwar cikinsa, amma bakinsa ba ya rufuwa. Sau uku alkalin wasa yana yi masa kashedi a rana ɗaya, a na huɗu ya tattara hularsa ya koma gida ya ce ai dama kallo ya fi.

Kulob ɗin yana saman wani kantin sayar da littattafai. Ɗaki ne dogo mai tebur shida, kowanne da koren ƙyalle, ga fanka guda da ke kuka kamar ana zare mata rai, ga babbar taga da rana ke shigowa ta cikinta da la'asar. Da 'yan kulob suka yanke shawarar fara nuna manyan wasanninsu kai tsaye a intanet, sai aka rasa wanda zai zauna kusa da tebur da kwamfuta yana shigar da kowane kati da aka jefa, domin masu kallo a gidajensu ba fuskar kowa suke gani ba, hoton katunan kawai suke gani a allo. Aiki ne da ke son ido, da saurin hannu, da kame baki. Malam ya ce yana da mai irin wannan hali a gida, shekara arba'in yana fama da ita.

Yayarta da ta ji labari sai da ta yi tattaki ta zo. "Ke yanzu da girmanki, gidan caca?" Sakatariya ta ce ko sisi ba a sawa, abin da ake ci kofi ne na ƙarfe da ko ruwa ba ya riƙewa. Yayar ta ce to wannan ai ya fi caca wauta. A haka suka rabu, kowa na ganin ita ta yi nasara.

Shekara bakwai ke nan tana wannan aiki duk Asabar. Kujerarta tana bayan kafaɗar hagu ta ɗan wasan da ke ba taga baya, da ɗan ƙaramin tebur, da kwamfuta, da linzaminta na kwamfuta mai ƙara ƙas in an danna. A allonta hannu huɗun duk a buɗe suke, ta san wanda zai faɗa rami tun kafin ya ɗaga ƙafa, amma fuskarta ko gezau. Ba ta taɓa wasan ba ko sau ɗaya, kuma ba ta sha'awa. Ita dai a jefa, ta danna.

Su kuwa masu kallo, Allah ya shirye su. Mutum ɗari biyu, wani lokaci ɗari uku, daga garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba, suna cike da zauren hira da ke gefen allon. Tun da kowa cikinsu hannu huɗu yake gani, kowa gwani ne. Mutumin da bai taɓa cin wasa a falonsa ba sai ka ji yana koya wa zakara yadda ake riƙe kati. Akwai wata mai kiran kanta Kakar Tagwaye da ba ta taɓa ganin laifin kowa ba, akwai wani Mai Gemu da bai taɓa ganin daidai ba. Shugabansu duka kuwa shi ne Jan Biro, wanda ke yi wa 'yan wasa maki kamar ɗaliban aji uku. Jan Biro ba kowa ba ne illa Malam, yana zaune a falo da singileti da kofin shayi, yana bugawa da yatsa biyu. Ita kuwa a shekara bakwai ba ta taɓa rubuta kalma ɗaya tata a zauren ba. Amma sun san ta. In gardama ta kaure kan wane kati aka jefa, sai wani ya rubuta, "Sakatariya ce a kan na'ura," shi ke nan magana ta mutu.

Cikin 'yan wasan duka ta fi son zama a bayan Likita. Tsohon likitan haƙori ne mai shekara tamanin da ɗaya, siriri, mai tsabta, kuma yadda yake ajiye kati a hankali sai ka ce tsoro yake kada ya ji wa tebur ciwo. Abokin wasansa tsohon direban jirgin ƙasa ne, ƙato mai ƙaramin kunne da babbar murya. Shekara talatin da takwas suna zama gaba da gaba, sun fi wasu ma'aurata daɗewa, sun kuma fi su yawan faɗa. Duk Asabar kafin a fara, Likita kan juyo ya ce, "'Yata, yau ma ki rufa mini asiri." Ita kuma ta ce, "Baba Likita, abin da ka jefa shi zan rubuta." Su yi dariya. Matar da ta haura sittin, shi kaɗai ya rage a duniya mai ce mata 'yata, kuma tana jin daɗin hakan fiye da yadda za ta yarda ta faɗa.

Akwai abin da ba wanda ya sani, har Malam. Wajen shekara guda ke nan idonta na hagu ya fara yin hazo, na daman ma ya soma bin sahu. In rana ta faɗo kan tebur, jan kati sai ya zame mata jan tabo kawai. Ba ta gaya wa kowa ba, sai ta yi dabara. Ai ta san mutanenta. Direba yakan buga babban kati da ƙarfi, ƙarami kuma ya tura shi da ɗan yatsa. Likita yakan jera manyan katunansa a hagu, ƙanana a dama, bai taɓa saɓawa ba. Abin da ido ya rage mata sai sabo ya cike, kuma wata da watanni dabarar tana ci.

Ranar wasan ƙarshe na gasar shekara, Likita da Direba suka kai ga teburin da ake nunawa. Ana cikin rabon kati na goma sha ɗaya, wajen ƙarfe huɗu, rana ta sauko ta kwanta a kan koren ƙyallen. Direba ya jefa katin da ya fi kowanne girma a jerin masu hoton zuciya, wato zagayen ya riga ya zama nasu. Likita yana da masu zuciya biyu kacal, Sarki da 'yar biyu. Ko yaron da ya fara koyo jiya ya san biyun ake yarwa a adana Sarki. Hannun Likita ya tafi can ƙarshen hagu, ya zaro kati, ya ajiye. Ta ga ja, ta ga hagu, ta danna Sarki.

Zagaye biyu bayan haka abokin hamayya ya baje katunansa ya ce sauran duk nasa ne, kowa ya yarda. Likita yana tattara abin da ya rage a hannunsa zai mayar, inuwar kafaɗarsa ta tare rana, sai ga Sarkin zuciya a tsakiyar katunan, gemunsa da rawaninsa, yana kallonta. Ashe yau tsohon bai jera katunansa yadda ya saba ba. Kafin ta yi wani motsi an ɗora sabon rabo, masu kallo suna jira. Ta ce a ranta bari a tashi ta gyara. Da aka tashi, su Likita sun sha kaye da ɗan ƙaramin rata, ana ta musabaha, ana ɗaukar hoto da kofi. Ta ce ai Sarkin nan bai canja sakamako ba, wa zai kula? Ta naɗe wayar caji ta sa a jaka.

Tun daga bakin ƙofa ta jiyo Malam. "Sakatariya! Kin ga abin da na gani? Sarki a kan katin abokinsa! Wallahi sai da na ajiye kofi na tashi tsaye. Na ba shi sifili, na ja layi biyu a ƙasa."

"Ai ba shi ya kayar da su ba," ta ce, tana cire takalmi.

"Wa ya ce shi ya kayar da su? Maganar ita ce mutum mai hankalinsa ba ya yin haka."

Ta wuce kicin ta ɗora ruwan da ba ta bukata.

Kwana uku zauren hira bai da wata magana. Wani ya ɗauki hoton allon ya liƙa. Mai Gemu ya ce akwai shekarun da ya kamata a karɓe wa mutum kati kamar yadda ake karɓe mukullin mota. Kakar Tagwaye ta ce a ji tsoron Allah, kowa zai tsufa, wanda a wurinta kariya ce, amma ta fi zagin ciwo. Direba, da bai taɓa shiga zauren ba, ya sa 'yarsa ta buɗe masa ya rubuta da manyan haruffa cewa shi 'yar biyu ya gani da idonsa, ba Sarki ba. Suka yi masa ca. Tsoho yana kare tsoho, in ji su, kuma Sakatariya ce a kan na'ura. Tana tsaye bayan Malam da farantin da take gogewa ta karanta wannan layin. Sunan da ta yi shekaru tana ginawa ne aka ɗauka ana dukan mutumin da shi. Kunya ta kama ta, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi, don ta san in ta ce ta yi kuskure za a tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne zai raba ta da kujerarta.

Ran Laraba ta je kulob ɗin ta sabunta jerin sunaye. Ba kowa sai fankar nan da kukanta. Ta ji ana hawa matakala a hankali, ana hutawa, sai ga Likita da ƙaramin akwatin katako a hammata. Ya ajiye shi a kan teburinta. Katunansa ne na gida, da 'yan fensira, da littafin da shi da Direba suka rubuta ƙa'idojin wasansu tun suna da baƙin gashi.

"A ba masu koyo," ya ce. "Ni na gama."

"Haba Baba Likita, a kan kati ɗaya?"

Ya zauna a kujerarsa ta kullum, amma ya juyo da ita yana fuskantarta. "'Yata, yarana sun daɗe suna cewa na fara mantuwa. Na bar murhu a kunne sau ɗaya, na kira jikata da sunan uwarta. Ina ce musu ku zo ku ga yadda nake wasa, kan da ya lalace ba ya ƙirga kati hamsin da biyu. Da wannan nake rufe musu baki." Ya shafa ƙyallen teburin. "Abin da ya tsorata ni ba jefa Sarkin ba ne. Wallahi har yanzu in na rufe ido biyu nake gani a hannuna. Ina tuna abin da bai faru ba, sarai kamar yanzu. Direba ma ya ce biyu ne, na ce masa kai ma ka je a duba ka. Na gode da kika rubuta gaskiya. Da wani ne a kan na'urar da na yi gardama."

Ba ta san lokacin da maganar ta fito ba. "Biyu ka jefa. Ni na yi kuskure. Na ga Sarkin a hannunka bayan an gama."

Ya dube ta, ya yi murmushi irin wanda yake yi wa mai tsoron allura. "Allah ya yi miki albarka. Amma kada ki ɓata sunanki don ki faranta ran tsoho. Ke ba kya kuskure, kowa ya sani." Ya dafa tebur ya miƙe, ya sauka matakalar nan a hankali, ya bar mata akwatin.

Ta faɗi gaskiya an ƙi karɓa, kuma ita ta jawo, ita da kwalbar farin ruwanta.

Da ta koma gida ta tarar da Malam yana gyara ƙafar tabarau da zare. Ta zauna gabansa ta gaya masa komai, da hazon, da dabarar hagu da dama, da Sarkin. Malam, wanda alkalin wasa ya kasa rufe wa baki, ya yi shiru har zaren ya faɗi ƙasa.

"Shekara guda?" ya ce daga baya. "Muna gida ɗaya?"

"Ai kai allo kake kallo."

Ya haɗiye wannan, don ya san ya cancanta. "Sifili na ba shi," ya ce a hankali. "Har da layi biyu."

Ran Asabar, minti goma kafin a fara, zaure ya cika ana gaishe-gaishe, sai ga rubutu daga sunan da bai taɓa magana ba. Ta buga shi da yatsu goma, ba ta duba madannai ba.

"Ni ce mai shigar da kati. A rabo na goma sha ɗaya na makon jiya, Likita biyun zuciya ya jefa. Ni na danna Sarki, domin idona ya yi hazo ban ga katin ba, na yi zato. Na gane tun a ranar, na yi shiru. Laifin nawa ne duka, kansa lafiya lau."

Mutum ɗari biyu da 'yan kai suka karanta. Sai Jan Biro ya rubuta, "Na janye sifilin. Na mayar wa kaina." Kakar Tagwaye ta cika layi uku da addu'a. Mai Gemu ya ce shi dama tun farko ya yi shakka, aka bar shi da halinsa.

Ta rufe kwamfutar, ta ɗauke ta da wayar caji ta kai wa shugaban kulob, wani mai kantin magani da ba ya son rigima. Ta ce ya nemi mai ido. Yana ta sosa ƙeya yana cewa a bari a yi shawara, har lokacin farawa ya wuce da rabin awa, sai aka ji muryar Direba tun daga ƙasa yana cewa a ba su hanya. Ashe yana ganin saƙon ya je har gida ya karanta wa Likita shi daga wayarsa, sau uku, da muryar da maƙwabta ma suka ji. Likita ya shigo a bayansa da rigarsa mai guga. Ya zo kai tsaye ya tsaya gabanta.

"Da gaske biyu ne?"

"Biyu ne, Baba Likita."

Ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ce, "To ina akwatina?" Aka yi dariya, har da waɗanda ke share hawaye. Sannan ya dubi shugaba. "Wa ya ce ta tashi? Hazon ido aikin minti ashirin ne a asibiti, ni zan haɗa ta da wanda ya yi mini nawa. Kafin nan a sa wa tagar can labule. Ni dai ba na wasa in ba ita ce a bayana ba. Wadda za ta tsaya gaban mutum ɗari biyu ta ce ta yi kuskure, ita nake so ta riƙa rubuta nawa."

Aka rataya wani tsohon ƙyallen tebur a tagar, aka zauna, aka raba kati. Da jefawa ta zo kan Likita, ya zaro katinsa, amma bai ajiye ba. Ya ɗaga shi daidai kafaɗarsa ta hagu, fuskar katin a buɗe ga kowa, ya ɗan karkata shi wajenta, sannan ya sauke. A zagaye na biyu ma haka, na uku ma haka, babba da ƙarami duk tsawon lokaci ɗaya, don kada a ce wata alama yake ba abokinsa. Direba ya lura, ya yi tsaki, shi ma ya fara ɗaga nasa. Kafin a kai rabo na huɗu, abokan hamayya biyun sun bi sahu ba tare da an ce musu komai ba.

A zaure Mai Gemu ya fara ƙorafi, wai teburin nan ya fi kowanne nawa a duniya, mutum zai iya dafa shayi tsakanin kati da kati. Jan Biro, wanda bai ga abin da ke faruwa a ɗakin ba amma ya san matarsa kuma ya san Likita, ya rubuta, "To je ka dafa. Za mu jira ka."

A rabo na tara Sarkin zuciya ya sake zuwa hannun Likita, kuma wannan karon lokacin jefa shi ya yi da gaske. Ya ɗaga shi a kafaɗa. Sakatariya, wadda shekara bakwai fuskarta ba ta taɓa nuna komai a ɗakin nan ba, ta ga katin sarai, sai kuma ya narke mata, ba don hazo ba. Ta sa bakin mayafi tana goge ido, ta goge, ya sake cikowa. Likita bai waiwayo ba. Hannunsa ya tsaya a sama da Sarkin, mutum uku suna jira, ɗari biyu suna jira, bai sauke ba sai da ya ji ƙas ɗin linzaminta.